Maus Ɗin da Ya Ƙi Motsi

Ranar Talata

Zuwa ga maigidana, Baban yara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kun sauka lafiya. Ya gajiyar hanya, ya baƙon wuri, ya abokan aiki? Ya bayan naka, bai dai tashi ba a hanyar nan mai gargada? Mu nan lafiya lau muke, sai kewarka da ta cika gidan. 'Yar Baba tana gaishe ka, ta ce in faɗa maka haƙorin nan mai girgiɗi ya fita, ta adana maka shi a kwalin ashana sai ka dawo ka gani. Auta kuwa duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai ta ruga taga tana leƙe.

Ka ga ikon Allah, mutumin da ya tafi kafa wa jama'a ƙarfen sabis, shi ne ba a samu a waya. Na kira har ni da matar nan mai cewa lambar ba ta shiga mun saba. Direban kamfaninku ne ya ce min duk Laraba yake hawo muku da kayan abinci, ya sauko ran Juma'a. Shi ya sa na ɗauko biro da takarda, kamar lokacin da kake nemana.

Ba na so in ɗaga maka hankali kana bakin aiki, amma akwai matsala, kuma ba ni da wanda zan kai wa kuka sai kai. Kwamfutar gida ta ƙi tashi.

Ka tuna ranar da za ka tafi, da safe ina shirya yara, ka zauna a kanta ka ce bari ka kwafe min aikina a filash kafin ka fita, har na kawo maka shayi nan kan teburin? To ban sake bi ta kanta ba sai washegari da na dawo daga asibiti. Na kunna, ta yi 'yar ƙarar nan tata, ta nuna tambari, sai wasu ɗigo-ɗigo suka yi ta zagaye. Can ta mutu, ta sake tashi da kanta. Daga nan fuskar ta koma shuɗiya, da rubutu wai ba ta tashi daidai ba, in zaɓi abin da za a yi: ko a sake gwadawa, ko a shiga wurin gyara. Zaɓin yana gabana ƙuru-ƙuru, amma ba abin zaɓa. Maus, ɓeran kwamfutar nan, ya ƙi motsi, kibiyar nan ma da ke yawo babu ita sam. Kibod kuma duk abin da na danna, kamar tebur nake dannawa.

Na ce ko batir ne, tunda dukansu marasa waya ne. Na cire na rimot ɗin talabijin na sa, shiru. Na aika aka sayo sababbi, shiru. Na zare ɗan mitsitsin abin nan da kake soka musu a baya, na hure shi na mayar, na canja masa rami, duk ɗaya. 'Yar Baba ta zo ta tsaya a kaina ta ce wai ɓeran yunwa yake ji, in ba shi abinci. Na yi dariyar dole.

Ka fi kowa sanin abin da ke cikin injin nan. Shekara biyu ina bin jariran da magani ya daina yi musu aiki, ina shuka ƙwayoyin cutar a faranti, ina ɗaukar hoto, ina rubuta sakamako. Duk yana ciki, da babi biyu na ƙarshe da ban kai ko'ina ba. Farfesan da ke duba aikin, babin farko-farko kaɗai ke hannunsa. Masu ba da gurbin karatun nan na ƙasar waje da nake nema kuma ƙarshen watan nan za su rufe karɓa, kuma sai da cikakken kundi.

Abin da ya kwantar min da hankali shi ne tunawa da ka kwafe min komai. Sai dai na duba durowar teburin, na duba kwanon da muke zuba mukullai, har aljihun rigar da ka cire na lalube, ban ga filash ɗin ba. Ina jin cikin sauri ka jefa shi jakarka. Don Allah ka duba, in yana nan ka ba direba ya kawo min. Ka kuma rubuto min abin da zan danna, dalla-dalla, yadda kake koya wa yara lissafi. Ka san Tsinkenka, a ɗakin gwaji ba a kara da ni, amma da an zo kan waya da soket sai in koma 'yar aji ɗaya.

Na sa maka man zafin da ka manta da safa biyu masu kauri, an ce wurin naku da sanyi. Ka riƙa cin abinci a kan lokaci. Allah ya tsare min kai, ya dawo da kai lafiya.

Taka har kullum,
Tsinkenka


Ranar Talata

Zuwa ga Baban yara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan kana lafiya kai da duk waɗanda kuke tare. Ya sanyi, ya hawa ƙarfe? Na ji daɗi da ka ce man ya yi maka amfani. Yara lafiya, sai Auta da ta ɗan yi mura, ta ma warware.

Amsarka ta iso ran Juma'a, na karanta na sake karantawa. Ka ce ka zazzage jakarka ba ka ga filash ba. Ka ce ga alama wuta ce ta zo da ƙarfi ta ƙona wani abu a ciki, kar in sake taɓa ta, kar kuma in kuskura in kai wa masu gyaran kasuwa, don su abin da suka iya shi ne su goge komai su zuba sabo. Ka ce in jira ka dawo farkon wata mai zuwa ka duba da hannunka. Duk na ji, na kuma san don ni ka faɗa.

Wuri ɗaya ne ya tsaya min a rai, inda ka ce in bana bai yiwu ba akwai baɗi. Baban yara, ka manta ne? Suna da iyakar shekaru, ni kuma bana ce ta ƙarshe da zan iya nema. Tare muka karanta takardar a falo, har ka tsokane ni ka ce tsufa ya biyo ni da gudu. Na san gajiya ce ta sa ka manta, ban riƙe ka ba.

Ka yafe min, ban iya naɗe hannu na zauna ba. Ban buɗe cikinta ba, ban kai ta ko'ina ba, daga waje kawai na yi 'yan gwaje-gwaje. Maƙwabciyarmu malamar makaranta ta ara min kibod da maus masu waya, ta ce wani lokaci marasa waya ba sa aiki in kwamfuta tana wannan shuɗin allon. Na soka su a ramukan gaba, ba labari. Na jawo teburin, na durƙusa a baya cikin ƙura da yanar gizo, na bi ramukan ɗaya bayan ɗaya, masu shuɗin harshe da masu baƙi. Na cire firinta, na cire lasifika, na bar su su kaɗai. Na zare wayar daga bango, na danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don sauran wutar ta fita, na mayar na kunna. Shuɗin allon nan dai ya dawo yana kallona.

Amma ga wani abu da na lura da shi, wataƙila ya taimake ka. Jar fitilar da ke ƙarƙashin maus mai waya tana kamawa. Na kuma soka cajar wayata a ramin, sai ga waya tana caji. Ke nan wuta tana zuwa, magana ce ba ta wucewa. Ni dai a wurin aikinmu, abin da ya ƙone ba ya rabin aiki. Ko ba haka ba ne a naku fannin? Na kai hancina bayan injin ma, ban ji ƙaurin komai ba.

Na je wurin Farfesa ran Litinin. Ya tausaya min ƙwarai, amma ya ce ranar rufewa ba a hannunsa take ba, ko awa ɗaya ba sa ƙarawa. Na gwada sake rubuta babin a kwamfutar ofis daga abin da na tuna. Zance ina iya tunawa, amma sakamakon jarirai sama da ɗari ba ya zama a ka. Na shiga sito inda muke ajiye faranti na rufe ƙofa na yi kukana, na wanke fuska na koma kan aiki.

Baba ya kira yana tambayar yadda ake ciki. Ban faɗa masa ba, saboda hawan jininsa. Sai yabonka yake yi, yana maimaita maganar da ka yi a gabansa ranar da na kawo zancen tafiyar, da ka ce in je in yi karatuna, shekara biyu kamar gobe ne, kai za ka riƙe yara. Ya ce a zamanin nan samun miji irinka sai an tona. Na ce masa na sani. Wallahi duk lokacin da na ji kamar in haƙura, wannan maganar taka ce take tashe ni tsaye, don ba na so in ba ka kunya.

Saboda haka ina neman izininka a kan abu ɗaya, ko da yake na riga na amsa tun kafin in ji ta bakinka. Matar nan da ke kula da kwamfutocin asibitinmu, wadda muke ce wa Injiniya, mai cin cingam ɗin nan da kuka taɓa gardamar ƙwallo da ita, ta gan ni da jan ido ta matsa sai da na faɗa mata. Ta ce za ta shigo ran Asabar da rana ta duba. Ba 'yar kasuwa ba ce, kuma na yi maka alkawari ba za a kwance ko ƙusa ɗaya ba. Kar ranka ya ɓaci.

Ka taya ni da addu'a. Yara suna gaishe ka, ni ma haka, fiye da nasu.

Matarka mai kewarka,
Tsinke


Ranar Talata

Baban yara,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Yara suna lafiya.

Na fara takardar nan na yaga, na sake farawa na yaga. Bari kawai in faɗa maka abin da ya faru yadda ya faru, tunda ba ka nan.

Takardarka ta zo ran Juma'a, wadda ka cika da faɗa, ka ce ba ka yarda kowa ya taɓa maka inji ba, ka ja layi biyu a ƙarƙashin kalmar kowa. Na yi mamakin zafin, don ban san ka da shi ba. Na so in kira Injiniya in ce ta bari. Sai na kalli kalanda, na bar wayar a ajiye.

Ta zo ran Asabar bayan azahar, da wani tsohon kibod a leda wanda ta tono a siton asibiti. Ya yi jawur don tsufa, nauyinsa kamar faranti na ƙarfe, kan wayarsa zagayayye ne mai 'yan allurai a ciki. Ta ce irin wannan ba ya bi ta ramukan filash, yana da ƙofarsa daban. Ta leƙa bayan injin ta sami wani zagayayyen rami mai ruwan hoda-hoda da ban taɓa lura da shi ba. Ta kashe kwamfutar tukuna, ta ce shi wannan tsoho ba a soka shi inji na kunne, sannan ta soka ta kunna.

Fitilun kibod ɗin suka yi ƙyaf. Da shuɗin allon ya fito ta danna kibiyar ƙasa, sai ga zaɓin ya motsa. Baban yara, na yi tsalle kamar yarinya, har Auta ta tsorata. Na kai hannu zan danna, ta riƙe min wuyan hannu. Ta ce a cikin zaɓin nan akwai wanda yake share komai, kuma ita ba ta gyara inji sai ta fara fitar da kayan mai shi. Amma ba yadda za a fitar da aikina tunda ramukan filash ba sa ji. Ta ce bari mu leƙa saitin can ciki, wanda ake shiga kafin kwamfuta ta gama tashi, su suna ce masa Bayos, mu ga abin da ya kashe ramuka duka a lokaci guda.

Ta sake kunnawa tana ƙwanƙwasa wani maɓalli. Sai wani ɗan akwati ya fito a tsakiyar allo yana neman kalmar sirri.

Ta juyo ta ce, "Wa ya sa mata mukulli a nan?"

Na ce ba kowa, ni ban ma san da wurin ba, wataƙila wutar da ta ƙona ta ce ta jawo.

Ta ce, "Ƙanwata, wuta tana ƙona abu, amma ba ta iya rubutu ba. Wannan hannu ne ya sa."

Ta ce abu ne mai sauƙi, za ta kwance murfin ta cire wani ɗan batir mai kamar kwabo, injin ya manta kalmar. Sai na tuna na yi maka alkawari ba za a kwance ko ƙusa ɗaya ba. Ka ji, har a lokacin alkawarinka nake tsarewa. Na ce ta dakata in gwada. Na rubuta sunan 'Yar Baba, ya ƙi. Na rubuta na Auta, ya ƙi. Daga nan hannuna ya tsaya a kan kibod ɗin, don akwai wata kalma da na sani, wadda take buɗe wayarka, wadda na yi shekaru ina jin daɗi a raina cewa ita ka zaɓa. Na roƙi Allah a zuciyata kar ta buɗe. Na rubuta tsinkena.

Ta buɗe.

Injiniya ba ta tambaye ni abin da na rubuta ba. Ta shiga ta nuna min da yatsa. Ramukan suna jere a allon, kowanne an bi shi an kashe, na gaba da na baya, ba a tsallake ko ɗaya ba. Ta shiga wani shafin ta nuna min inda aka sauya yadda injin yake magana da ma'ajiyarsa, ta ce wannan ne ya hana ta tashi tun farko. Ba abin da ya ƙone. Ta mayar da kowanne yadda yake, ta adana, ta sake kunnawa. Ko ruwan da na kawo mata bai huce sanyi ba, sai ga hoton yara a fuskar kwamfuta, sai ga kibiya tana yawo, sai ga aikina cif yadda na bar shi.

Na lura ta daina tauna cingam ɗin. Ta ce wataƙila kuskure ne, irin na masu sauri. Ni da ita duk mun san ba haka ba ne, tana rufa min asiri ne a cikin ɗakina. Sannan ta ce, "Ki kwafe aikinki yanzu ina zaune, ki kuma tura wa kanki ta imel, ki tura wa Farfesa." Sai da ta ga na yi ta tashi. A bakin ƙofa ta dafa kafaɗata. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan dafawar ba.

Tun ranar nake ta komawa safiyar da ka tafi. Ina banɗaki ina cuɗa Auta, ina jin injin yana mutuwa yana tashi, na ce a raina bawan Allah yana ta fama da aikina ga mota na jiransa. Na kawo maka shayi, na sa maka madara yadda kake so, na ajiye a gefen hannun da yake kulle ni. Ka ɗago ka yi min murmushi ka ce in kwantar da hankalina, ka kula da komai. Ashe gaskiya ka faɗa.

Ka karanta takardata ta farko, ka ga ina cire batirin rimot. Ka karanta ta biyu, ka ga na durƙusa a cikin ƙura ina bin ramuka ɗaya bayan ɗaya, ka ga na shiga sito na yi kuka. Kana da amsar a kanka, layi biyu ne, direba yana tsaye yana jira. Ka zauna ka rubuto min cewa wuta ce, daga baya ka ce kar kowa ya taɓa. Ni kuma na aiko maka da safa.

Da wani ne a wurin aiki ya yi min haka, da na ce hassada ce, na share. Amma kai ne ka saya min injin nan. Kai kake kwashe yara ku fita don in samu in yi rubutu. Yanzu ban san wanne ne kai a ciki ba, kuma duk abin alherin da na tuna sai in ji ina juya shi ina duba bayansa.

Jiya Litinin na tura kundin, sun amsa cewa ya shiga. Na zaci zan yi murna. Na kashe kwamfutar na je na ɗora girki.

Abu ɗaya nake so ka rubuto min, ban da rantsuwa, ban da zancen wuta: me ya sa?

Matarka


Ranar Alhamis

Zuwa ga Baban yara,

Assalamu alaikum. Ina fata ka tashi lafiya, ya gidan? Yara suna gaishe ka. Sun ji daɗin fitar da ka yi da su ran Lahadi, 'Yar Baba ba ta da zance sai na jirgin lilo.

Yau kusan wata biyu ke nan ina gidan Yaya. Ka zo ya fi a ƙirga, kuma duk zuwan da ka yi sai in zauna, kai kana magana ni ina kallon tabarma. Ba raini ba ne. In na buɗe baki a gabanka kuka ne yake riga magana fita. A takarda na fi iya kaina, shi ya sa na ba Yaya wannan ya miƙa maka.

Na gode da ba ka yi min musu ba. Filash ɗin da ka ajiye a gabana, wanda ka ce yana aljihun rigar sanyinka tun ranar, na karɓa. Na kuma ji bayaninka. Ka ce tun da aka fara zancen tafiyar ba ka barcin kirki. Ka ce kana tsoron in je in ga duniya in dawo ka yi min ƙanƙanta. Ka ce ka riga ka cika baki a gaban Baba da abokanka, kunya ta hana ka janyewa, sai ka ga gara a ce inji ne ya hana ni, ba kai ba. Har ka ce ka kashe kibod da maus ɗin ne don kar in danna wurin da zai share aikina cikin ruɗewa, wai ko a lokacin kana kula da ni.

Wannan ta ƙarshen ta fi komai yi min ciwo. Ke nan ba ɓacin rai ne ya ɗebe ka ba. Ka zauna ka auna, ka tsara yadda za ka karya ni ba tare da ka bar tabo ba.

Bari in faɗa maka abin da ba ka sani ba. Ni ma tsoron tafiyar nake. Sau da yawa in ina yi wa Auta kitso sai in ji ba zan iya barinta ba. Na taɓa tambayar Farfesa ko akwai irin wannan karatun a kusa, ko da bai kai wancan ba. Abin da ya hana ni fasawa shi ne kai, yadda kake ta ƙarfafa ni a gaban mutane. Da ka zaunar da ni a ɗaki ka ce, Tsinke, ba zan iya ba, ina tsoro, wallahi da na zauna. Da na yi kuka na kwana biyu, na yi maka fushi na mako guda, na zauna, kuma da har abada ina ganin girmanka don ka faɗa min gaskiya. Abin da ka bi ta bayan inji kana nema, a hannunka yake, tambaya kawai ya rage.

Sakamako ya fito shekaranjiya. Sun ɗauke ni. Zan tafi farkon zangon karatu, na riga na amsa musu.

Ban ce na bar aurena ba, ban kuma ce na yafe ba. Ban san inda zuciyata za ta tsaya ba, kuma ba zan yi maka ƙaryar na sani ba. Yara za su zauna wurin matar Yaya a ranakun makaranta, tunda aikinka na tafiye-tafiye ne, ka riƙa ɗaukarsu duk ƙarshen mako da kake gari. Ba zan raba ka da su ba, ba su san komai ba, kuma ba daga bakina za su ji ba. Kafin in tafi zan zo in kwashe littattafaina. Tsohon kibod ɗin nan yana kan teburi, na asibiti ne, don Allah ka sa a mayar wa Injiniya.

Saura magana ɗaya. A dangi, Yaya kaɗai ya san abin da ya faru. Baba yana zaton gyaran rufi ake yi a gidanmu shi ya sa muka dawo nan. Da na kai masa labarin sun ɗauke ni, sai da ya share hawaye, ya ce rabin wannan nasarar taka ce. Ya ce ba a waya zai yi maka godiya ba, ran Asabar da hantsi zai sa a kawo shi har gida, ya riƙe hannunka ya sa maka albarka.

Ban hana shi ba, ban kuma faɗa masa komai ba. Zai zo, zai zauna a falonka, zai miƙo maka hannu. Abin da za ka ce masa, wannan ya rage naka.

Allah ya ba mu mafita ta alheri.

Maman yara